Dokar hana ƙara mai bayan famfo ya tsaya: ba ful tanki ta haramta ba

Da zarar zafi ya kankama, sai saƙon nan ya dawo yawo a WhatsApp: kada ka cika tankin motarka, rana za ta fasa shi. Wanda ya karanta, ya kuma ji cewa jihar Oregon ta Amurka tana da doka a kan cika tanki, zai ɗauka magana ta tabbata. Ba ta tabbata ba. Fetur ba ya kama wuta da kansa sai zafi ya haura digiri 200, kuma ko ranar Maiduguri a watan Afrilu ba ta kai tanki kusa da nan.

Dokar dai akwai ta. Hukumar kare muhalli ta jihar, DEQ, ta fara aiki da ita ranar 1 ga Yulin 2009, kuma ta hau kan masu gidajen mai ne da masu gudanar da su. Abin da ta hana shi ne a ci gaba da matsa famfo bayan ya yi ƙas ya tsaya da kansa, irin abin da muke yi a nan idan direba ya ce "ɗan ƙara, cike kuɗin," har a jijjiga motar don man ya sauka.

Sashen da ke rikita mutane shi ne na togaciya. Famfo yakan tsaya alhali tanki bai cika ba, domin wani ɗan rami ne a bakinsa ke sa ya tsaya, kuma kumfa ko fantsamar mai na iya toshe ramin tun da wuri. Dokar ta san da haka. Ta ce idan an tabbatar tankin bai cika ba, misali aka duba gejin mai aka ga allura na rabi, ana iya ci gaba da zubawa cikin hattara don kada ya zube. To amma idan allura ta kai ƙarshe, famfo ya tsaya, an gama. Abin da ya rage a saman tankin wuri ne da masu ƙera mota suka bari da gangan. Fetur yana fitowa daga tankin ƙarƙashin ƙasa da sanyinsa, idan ya ɗumama sai ya kumbura, kusan kashi 1 cikin 100 a kowane digiri 10. A lita 50, rabin lita ke nan da ke neman wurin zama.

Idan bai samu ba, sai ya bi bututu ya faɗa wani gwangwani mai cike da gawayi, wanda aikinsa kama tururin mai ne kawai. Gawayin na jiƙewa sai wutar cek injin ta kama, mota ta riƙa gardamar tashi bayan an sha mai, wari ya cika ta. Motocinmu na hannu da yawa daga Amurka aka shigo da su, da wannan gwangwanin a jikinsu, kuma canza shi ya fi lita ɗayan da aka cusa tsada nesa ba kusa ba.

Hukumar kuwa ba motarka ce damuwarta ba. Man da ya zube yana tashi da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo kansar jini, kuma mai tsaye a bakin famfo tun safe har dare shi ya fi kowa shaƙa.

Nauyin bin dokar yana wuyan mai gidan man. Shi hukuma za ta tuhuma, shi aka wajabta wa kafa allon gargaɗi. Lokacin da aka kafa ta wannan daidai ne, don tun 1951 ma'aikata ne ke zuba wa mutane mai a Oregon. A 2023 aka ba direbobi damar zubawa da kansu a faɗin jihar, kuma a nan nake ganin an bar gidan mai da ɗaukar laifin hannun da ba nasa ba. Direban da ya matsa famfo sau uku bayan ya tsaya ya ja motarsa ya tafi, ma'aikaci ne zai zo ya goge abin da ya zube, ya shaƙi tururinsa.