Tsarabar otal da ke kwana a roba

Tun da aka buɗe sabon otal ɗin nan na yankinmu, kusan kowace Asabar da Lahadi sai ka ga ayari ya nufi ɗakin cin abincinsa. Yau 'yan adashi ne, gobe tsofaffin ɗalibai 'yan aji ɗaya, jibi ma'aikata na yi wa wani nasu walimar ƙarin girma. Ban ga laifin wannan ba, zumunci ne. Ni ma mun je da ƙawayena, wurin tsaf, abinci da zafinsa. Abin da ke damuna shi ne abin da nake tararwa a asibitinmu na unguwa ran Litinin da safe: yara kwance a kan benci, amai da gudawa, ido ya zurma, alhali ko ƙofar otal ɗin ba su taka ba.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo min da yara biyu, ɗaya a goye, ɗaya tana riƙe da hannunsa yana tafe yana durƙushewa. Na ce, "Maman yara, me suka ci?" Ta ce, "Wallahi Malama ba wani kwashe-kwashe suka yi ba, abincin otal ne na kawo musu tsaraba." Na ce to zauna mu yi lissafi. Ƙarfe biyu aka zuba musu abinci. Aka yi hotuna, aka yi jawabai, aka yi hira, sai wajen ƙarfe huɗu da rabi ta juye ragowar soyayyiyar shinkafa da kaza da haɗin kabeji mai mayonis a roba ɗaya, ta ƙulle a leda, ta saka a but ɗin mota. Daga nan suka biya barkar haihuwa, suka yi Magariba a can. Ta iso gida bayan Isha'i, yara sun yi barci, babu wuta, sai ta ɗora robar a saman firij. Da safe ta ɗan ɗumama ta ba su kafin su tafi Islamiyya. Awa goma sha bakwai ke nan. Da muka kai ƙarshen lissafin sai ta yi shiru, ta sunkuyar da kai. Ban yi mata faɗa a lokacin ba, don ƙauna ce ta sa ta kasa cin kaza ita kaɗai ba tare da ta tuna 'ya'yanta ba. Amma ku da kuke karantawa zan yi muku.

Don Allah ku daina kwasar ragowar abincin walima kuna yawo da shi a gari. Ku daina! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Hukumomin kula da abinci na Amurka ma sun rage shi zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. To mu nan Kano da zafin bazara kan kai digiri 40, balle but ɗin motar da ta wuni a rana? Kuma ku sani ana fara ƙirga awa biyun nan ne tun lokacin da aka zuba abincin a faranti. Wanda ya zauna walimar awa uku, kafin ya miƙe lokacin ya riga ya ƙare.

Na san amsoshinku, na ji su har na haddace. Wata ta ce, "Ai na shinshina, bai yi tsami ba." Hanci ba ya gano wannan. Abinci zai iya zama da ƙamshinsa da kyan ganinsa ya kwantar da gida guda. Wani ya ce, "Ai an ɗumama." Mun saba da ɗumame, shi ya sa muke ganin wuta na gyara komai. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da ke tsallake dahuwa, idan shinkafar ta huce ta daɗe a ajiye sai ta zuba guba a ciki, kuma gubar nan wuta ba ta kashe ta. Cikin awa 1 zuwa 6 sai amai ya ɓalle. Haɗin kabeji kuwa wa ya taɓa ɗumama shi? Haka ake ba yaro shi, da ruwan da ya tsatsafo ya jiƙa shinkafar.

Wanda ya fi yi min ciwo shi ne, "Abincin otal ne fa, mai tsada." Tsadar ta tsaya a teburin otal. Da zarar abinci ya shiga ledarki, shi da shinkafar mai tebur ta bakin titi hukuncinsu ɗaya. Sannan masu cewa zubar da abinci almubazzaranci ne, gaskiya kuka faɗa, ni ma ban ce a zubar ba. Maganin almubazzaranci shi ne ka ɗebi iya cikinka tun farko. Na gani da idona, wurin ɗiba-da-kanka, mutum ya tula faranti kamar dala, da niyyar rabin zai tafi gida. A ba mai gadi ko almajiri ya ci nan take ya fi a kai wa yaro gobe. Kuma wanda ya kwana ya lalace, kada ku miƙa wa almajiri, shi ma ɗan wani ne.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Babba zai yi gudawar kwana ɗaya ya miƙe. Yaro ƙarami kafin yamma ruwan jikinsa ya ƙare, mu yi ta neman jijiyar da za mu sa masa ƙarin ruwa muna rasawa, uwa na kuka a bakin ƙofa. Duk a kan cinyar kaza guda.

Shugabannin adashi da sakatarorin ƙungiya, ku ne kuke tsara fitar nan, ku riƙa faɗa tun kafin a zauna. Ga abin da nake so ku riƙe:

- In dole sai an kai tsaraba, a sa a zuba sabo lokacin tashi, a wuce gida kai tsaye, a ci nan take.
- Kada a haɗa kabeji ko salak da abinci mai zafi a roba ɗaya. Gara ma a bar su a can.
- In za ku biya wani wuri, ku sayi biredi, cincin, ayaba ko lemo.
- Firij ɗin da aka ɗauke masa wuta ba ya riƙe sanyi fiye da kamar awa 4, shi ma in ba a buɗewa.
- Abin da ya wuce awa 2 a waje kada ya shiga bakin yaro, mai ciki ko tsoho.

In kuwa an riga an ci, gudawa ta fara, kada ku ruga kemis neman Flagyl. Ku fara da ruwan gishiri da sukari: ƙullin ORS ɗaya a lita 1 na ruwa mai tsabta, in babu shi, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ɗin na ruwa. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, mai shan nono a ci gaba da ba shi, a zo a karɓi ƙwayar maganin zinc ta kwana 10 zuwa 14. Idan yaro ya kasa sha, ko ya daina fitsari, ko jikinsa ya saki, ko kun ga jini a bayan gida, ku kawo shi ko tsakar dare ne, kada ku jira gari ya waye. Ku faɗa mana gaskiyar abin da ya ci da lokacin da ya ci, kuma ku taho da sauran yaran da suka sa hannu a robar.