Takardar gwajin jini ta nuna matsala: a tsaya gida ko a nufi babban asibiti?

Mutum zai fito daga ɗakin gwaji a asibitin ƙaramar hukuma riƙe da takarda, an zagaye wata lamba da jan biro. Kafin ya kai wurin likita ya nuna wa mai kemis, ya nuna wa ɗan makwabta mai karatu a Kano, kowa ya faɗi tasa. Ga tambayoyin da aka fi yi.

An sa H ko L a gefen lamba. Shi ke nan ba ni da lafiya?

Ba lallai ba. H na nufin lambar ta haura iyaka, L kuma ta gaza. Ita iyakar an tsara ta ne yadda za ta ɗauki mutum 95 cikin 100 masu lafiya, don haka mutum ɗaya cikin ashirin zai faɗo waje alhali garau yake. Wanda ya wuni a gona cikin zafin rana bai sha ruwa ba, jininsa kan nuna ya yi kauri. Likita yana haɗa lambar da abin da jikinka ke faɗa, sau da yawa ma ya ce a sake gwajin.

An ce jinina ya yi ƙasa. Sai an yi mini ƙarin jini?

Duba inda aka rubuta PCV, wato kason jajayen ƙwayoyin jini cikin ɗari. Namiji babba yakan kasance tsakanin 40 da 50, mace ƙasa da haka kaɗan. Mai juna biyu idan ta gaza 33, ƙarancin jini ne, kuma galibi ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo da abinci irin su zogale, wake da hanta suna gyara shi. Amma idan ta sauko kusan 20, ko tana haki tana jiri, ko yaro mai zazzaɓi tafin hannunsa ya yi fari fat, wannan ba ta jiran ranar kasuwa. A tafi asibitin da ke da ledar jini a ranar. Dattijon da jininsa ke ta raguwa kuwa, kada a tsaya kan maganin ƙarin jini na kwalba, a nemi inda jinin ke zurarewa.

Kullum gwaji sai ya nuna taifot. Me ya sa?

Nan ake cin kuɗin talaka. Gwajin Widal, wanda aka fi yi, yana iya nuna alama ga wanda ya taɓa yin cutar tuntuni, har da mai maleriya. Shi kaɗai ba hujja ba ne. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a ajiye jinin kwanaki a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro. Haka gwajin maleriya na tsinke, yakan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke.

Suga fa?

A lura da ma'auni, don iri biyu ne: 7 a ma'aunin mmol/L daidai yake da 126 a ma'aunin mg/dL. Idan da safe kafin karyawa ya kai haka har sau biyu a ranaku daban, ciwon suga ne. Wanda ya sha koko da ƙosai sannan ya ba da jini, ya faɗa wa mai gwajin gaskiya.

An gano ciwon hanta a gwajin aure. Auren ya fasu?

Tun 2024 doka a Kano ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, shi ya sa wannan tambaya ta yawaita. Samun HBsAg na nufin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana jiki. Idan ta haura wata shida, ta zauna ke nan. Ba kowa ke buƙatar magani ba, amma kowa na buƙatar likitan hanta ya duba yawan ƙwayar da lafiyar hantar. Abokin zama a gwada shi, in ba shi da ita a yi masa rigakafi. Jiƙe-jiƙen shawara na iya ƙara wa hantar nauyi. Nau'in jini na gado AS kuma ba ciwo ba ne, haɗuwar AS da AS ce ke iya haifar da ɗa mai sikila.

To yaushe ne sai ƙwararre?

Idan gwajin ƙoda ya haura iyaka an sake ya maimaita, musamman da kumburin ƙafa ko fuska ko raguwar fitsari. Mutanen yankin Haɗejiya sun san zafin wannan ciwo, kuma kama shi da wuri ya fi wankin ƙoda sauƙi nesa ba kusa ba. Haka idan ido ya yi ɗorawa, ko fararen ƙwayoyin jini sun yi mummunan hawa ko faɗuwa, ko dasashi na zubar da jini ba dalili.

A karɓi takardar turawa daga likitan da ya fara gani. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala a birnin Kano, a Jigawa kuma Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu. A tambayi ranar da likitan ɓangaren yake zama kafin a biya kuɗin mota, a tafi da tsofaffin takardu duka da kwalayen magungunan da ake sha, har da na gargajiya.