Waiwaye: yadda harba roka ya fara yin araha

Manomin shinkafa a Auyo ko Kafin Hausa da ke sauraron hasashen damina a rediyo, da wuya roka ta faɗo masa a rai. Amma hotunan gajimare da masu hasashen ke dubawa taurarin ɗan'adam ne ke aiko su, kuma sai da roka ake kai tauraro sama.

Tun da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a 1957, gwamnatoci ne ke riƙe da wuƙa da nama a wannan harka. A Amurka kamfani zai ƙera, gwamnati ta biya duk abin da ya kashe, ta ɗora masa riba, don haka babu mai gaggawar rage kuɗi. Rokar kuma sau ɗaya take aiki, kamar a kai buhunan riɗi kasuwar Maigatari, a sauke, a cinna wa motar wuta. An gwada kumbo mai komowa daga 1981, sai gyaransa ya ci kuɗi, ya kuma ci rayuka: mutum 7 a kumbon Challenger a 1986, wasu 7 a kumbon Columbia a 2003. Da aka jingine shi a 2011, Amurka ta koma sayen kujera a kumbon Rasha, har ta kai ana biyan fiye da dala miliyan 80 a kan kujera ɗaya.

Dabarar da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta ɓullo da ita a 2006 ce ta sauya lissafi. Ta koma mai sayen aiki: a yanke farashi tun farko, kamfani ya sa nasa jarin, ba a biyansa sai ya cika kowane mataki, injiniyoyin hukumar kuma suna sa ido kan lafiyar kumbon. Rokar SpaceX, kamfani mai zaman kansa da ya shiga wannan tsari, ta faɗi sau 3 kafin ta kai sararin samaniya a 2008. A 2015 SpaceX ta sauko da gindin rokarta a tsaye, a 2017 ta sake harba wanda ya taɓa tashi, a 2020 ta kai 'yan sama jannati.

Ba kullum tsarin ke ci ba. Kumbon kamfanin Boeing, wanda shi ma aka ƙera a irin wannan tsari, ya kai mutum 2 a 2024, ya dawo babu kowa saboda matsalar injina.

Najeriya ta harba tauraronta NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, Starlink, intanet ɗin SpaceX ta taurarin ɗan'adam, kuma ta shigo a 2023, kodayake kuɗin na'urarta ya fi ƙarfin yawancin gidajen karkara. Abin da ke damuna shi ne arahar ta taru a hannun kamfani guda, wato SpaceX, alhali ƙauyukan bakin kogin Haɗeja da ambaliyar 2022 ta cinye wa gonaki suna buƙatar gargaɗin da zai iso kafin ruwa.