Waiwaye: Yadda Ɓera Ya Tona Asirin Karatun da Ya Kwana

Duk wanda ya zauna a makarantar allo, ko a Mai Wurno ko a Gadarif ta ƙasar Sudan, ya san wannan. Yaro zai yi ta fama da sumuni guda a gindin wuta bayan isha'i, ya kai tsakiya ya kakare, ya koma farko ya sake kakarewa. Malam bai cika matsa masa ba, sai ya ce ya kife allon ya je ya kwanta. Da asuba kuwa sai ka ji karatun yana zuba kamar an kwance bakin salka. Mu dai a halwa, wato makarantar allo, albarka muke kiran abin. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun shafe shekara fiye da ɗari suna bin sawunsa, kuma mafi yawan abin da suka gano, a kan ɓera suka gano shi.

A 1875 wani likita a Liverpool, Richard Caton, ya ɗora waya a kan ƙwaƙwalwar zomaye da birai, ya ga akwai ɗan lantarki mai hawa da sauka. A 1924 Hans Berger na Jamus ya auna irinsa a kan ɗan Adam, bai wallafa ba sai 1929. Daga nan aka san ƙwaƙwalwa tana da kiɗa, wani a hankali, wani da sauri. Amfanin kiɗan ne ya daɗe a duhu.

Haske ya fara fitowa ta hanyar tsautsayi. A 1953 aka yi wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa yawancin wani sashen ƙwaƙwalwa mai lanƙwasa da ake kira hifokamfos, hagu da dama. Farfaɗiyar ta lafa, amma daga ranar sabon abu ya daina zama a kansa. Za ka gaisa da shi, ka fita ka dawo, ya karɓe ka kamar baƙo. Tunda ba a yi wa mutum irin wannan da gangan, sai aka koma kan ɓera.

A nan akwai ɗan gyara. Hausa ta haɗa su duka ta ce ɓera, ko kusu a bakin tsofaffinmu da suka taso daga Sakkwato, amma a ɗakin bincike iri biyu ne, babba da ƙarami. Aikin farko kusan duk a kan babban aka yi shi. A 1971, a Landan, John O'Keefe ya lura cewa wasu ƙwayoyin hifokamfos ba sa motsi sai ɓeran ya isa wani takamaiman wuri, wannan ta kusurwar nan, waccan ta bakin ƙofa. Shi ya kai shi ga kyautar Nobel a 2014 tare da May-Britt da Edvard Moser na Norwe. Idan ɓera yana tafiya yana shinshina, sashen nan yana kaɗawa kusan sau 8 a daƙiƙa. Idan ya tsaya ko ya yi barci mai nauyi, sai kiɗan ya sauya: wani ɗan ƙyaftawa ne mai gaggawa, sau 150 zuwa 250 a daƙiƙa, wanda masanin ƙwaƙwalwa György Buzsáki ya shafe shekaru yana bincike a kai.

Sai 1994 aka ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Matthew Wilson da Bruce McNaughton sun gano cewa ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓera ke neman abinci, su ne suke sake tashi tare idan ya yi barci. Binciken da ya biyo baya ya nuna har jerinsu suke maimaitawa, a matse, cikin wannan ƙyaftawar. Tilawa ke nan, ba baki ba allo. A 2009 aka gwada katse ƙyaftawar da ɗan lantarki duk lokacin da ta taso cikin barci. Ɓerayen sun yi barcinsu, amma koyon hanyar abinci ya yi musu nawa.

Ƙaramin ɓera ya karɓi fage ne saboda ana iya sauya masa ƙwayoyin gado, har a sa wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa su riƙa amsa haske. A 2013, a cibiyar MIT ta Amurka, ɗakin binciken Susumu Tonegawa ya yi wani abu mai ban tsoro. An saki ɓera a akwati lafiya lau, aka yi wa ƙwayoyin da suka riƙe wurin alama. Kashegari a wani akwatin daban aka kunna su da haske, ana ɗan jan ƙafarsa da lantarki. Da aka mayar da shi akwatin farko sai ya sandare don tsoro, alhali babu abin da ya taɓa samunsa a can. A 2015 masu bincike a Faris suka yi kishiyarsa cikin barci: duk sanda ƙwayar wani wuri ta motsa, sai su taɓa sashen jin daɗi. Ɓeran na farkawa ya nufi wurin.

Ni dai ina taka-tsantsan da masu gaggawar ɗora wannan a kan mutum. Hanyar abinci a akwati daban, izu sittin daban. Amma a 2019 an auna masu farfaɗiya da aka riga aka sa wa waya a ka don magani, aka ga ƙyaftawar tana ƙaruwa daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin mutum ya faɗi abin da ya tuno.

Gwajin 2016 na ɗakin Tonegawa shi ya fi tsaya mini. Ɓeraye masu alamun farko na cutar mantuwa ta Alzheimer sun koyi tsoron wani akwati, bayan kwana guda suka shiga kamar ba su san shi ba. Da aka haska ƙwayoyin da aka yi wa alama, tsoron ya dawo. Ashe abin yana nan, hanyar ɗauko shi ce ta toshe. Na tuna yadda gardi ke tsayawa cak a tsakiyar sura, ido a sama, malam ya jefa masa kalma ɗaya tak, shi kuma ya ɗora har ƙarshen shafi.