Munster ba jiha ba ce: me ake nufi da wasan ƙarshe na lardi a hurling?

Mako guda ke nan ba ka shiga shago a birnin Cork na ƙasar Ailan ka fito ba ka ji an ambaci wasan ƙarshe na hurling na Munster ba. Direban bas, mai sayar da burodi, malaman makarantar yarana, kowa bakinsa ke nan. Maƙwabcina dattijo ne da ya haura saba'in, tafiya ma sai da sanda, amma ranar Litinin na tarar da shi a kan tsani yana ɗaure tuta ja da fari ta Cork a jikin indararon gidansa. Na riƙe masa tsanin har ya sauko yana haki, kuma kafin mu gama gaisawa ya tambaye ni ko na san wani mai rarar tikiti. Ranar Asabar ne wasan, 7 ga Yuni, 2025, washegarin Babbar Sallah. Cork ce za ta bi Limerick har gida, filin Gaelic Grounds.

Shi hurling ɗin ba sai na ja zance a kansa ba. Mutum 15 kowane ɓangare, kowa da sanda mai faɗin baki, ƙwallon kuma ƙarama ce ta fata da suke kira sliotar. In ta shiga raga maki uku, in ta wuce ta saman sandar raga maki ɗaya. Wasu namu na ce masa ƙwallon gora ta Ailan. Ba daidai ba ne, don a nan ana cafe ƙwallo da hannu kuma rabin wasan a sama ake yin sa, amma wannan na haƙura da shi.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne abin da na ji a wani shirin wasanni na Hausa ta intanet. Mai gabatarwa ya ce wai wasan ƙarshe ne “na jiha”. Abokin aikinsa ya ce a'a, ai wasan kusa da na ƙarshe ne na gasar ƙasa. Dukansu biyu sun kauce, kuma sun rage wa wasan daraja ba su sani ba.

Jiha tana da gwamna, tana da majalisa, tana da kasafin kuɗi. Munster ba ta da ko ɗaya. Babu gidan gwamnatin Munster, babu wanda aka taɓa zaɓa ya mulke ta. Tsibirin Ailan gundumomi 32 ne a al'adance, an kasa su cikin manyan yankuna huɗu: Munster, Leinster, Connacht da Ulster. Munster ce ta kudu, gundumominta shida: Cork, Limerick, Clare, Tipperary, Waterford da Kerry. Kalmar Hausa da ta fi kusa ita ce lardi, irin Lardin Kano ko Lardin Sakkwato na kafin a ƙirƙiro jihohi a 1967. Ita ma ba ta zauna daram ba, don namu lardunan suna da Razdan a kansu. Amma duk wanda ya taɓa jin tsoho yana cewa shi mutumin Lardin Zazzau ne, shekaru bayan an shafe lardin daga takarda, ya san irin nauyin da nake nufi.

A harshen mutanen Ailan na asali, sunan lardi cúige, ma'anarsa kashi ɗaya cikin biyar. To lardunan huɗu ne, ina na biyar ɗin? Da can akwai shi. Sunansa Mide, wato tsakiya, a nan tudun Tara yake, wanda ake dangantawa da manyan sarakunan tsibirin. Daga baya Leinster ta haɗiye shi, amma harshen bai yarda ya manta ba. Yau duk yaron da ya ce Cúige Mumhan, wato Lardin Munster, a aji, yana ƙirga masarautar da ta ɓace ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Lardunan nan tsofaffin masarautu ne. Sarakunan Munster a kan dutsen Cashel suke zama, cikin Tipperary ta yau, kuma Brian Boru, wanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014, sarautar Munster ya fara riƙewa kafin ya mamaye sauran. Su gundumomin ne baƙi, mulkin Ingila ne ya yanka su don shari'a da haraji. Da aka kafa ƙungiyar GAA, mai kula da hurling, a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba, 1884, don ceto wasannin gargajiya daga na Ingila, sai ta ɗauki gunduma ta mai da ita abin alfahari, daga baya ta jera gundumomin cikin tsofaffin masarautun. Har iyakar siyasa ba ta kula ba: gundumomi shida daga cikin tara na Ulster suna ƙarƙashin Birtaniya, amma a wurin GAA lardi ɗaya ne. Ka ga mai cewa “jiha” ya zubar da duk wannan da kalma ɗaya.

Kada kuma a ɗauka taswira ce ke yanke hukunci. Kerry tana Munster amma ba ta cikin wannan gasar, ƙarfinta a ƙwallon ƙafa irin tasu yake, shi ya sa gundumomi biyar ke karawa da juna tun da aka koma tsarin kowa ya buga da kowa a 2018. Galway kuwa ta Connacht ce, amma da yake ba ta da abokan karawa a can, tun 2009 a Leinster take bugawa. Ranar Lahadi, 8 ga Yuni, 2025, ita ce za ta fuskanci Kilkenny a wasan ƙarshe na Leinster a Croke Park da ke Dublin.

Sai batun “kusa da na ƙarshe”. Gaskiya ne wanda ya ci yana wucewa kai tsaye zuwa wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa baki ɗaya. Amma wanda aka doke bai fita ba. Kafin 1997 da an doke ka shi ke nan, sai baɗi. Daga wannan shekarar aka buɗe abin da suke kira ƙofar baya, wato wanda aka doke a wasan ƙarshe na lardi ya ci gaba a gasar ƙasa. A 2024 Limerick ta doke Clare a wasan ƙarshe na Munster a Thurles, karo na shida a jere tana ɗaukar kofin tun 2019. Cork da ta zo ta uku a lardin ita ta je ta fitar da Limerick daga gasar ƙasa, Clare ɗin da aka doke kuma ita ta ɗaga kofin Liam MacCarthy na gasar ƙasa. Kofi biyu ne daban. Na Munster sunan Mick Mackey yake ɗauke da shi, gwarzon Limerick na shekarun 1930.

Akwai masu cewa ƙofar baya ta kashe wasan, tunda babu fargabar fita. Ni ban yarda ba, kuma na daɗe ina musu da abokan aikina a kai. Waɗannan ’yan wasan ba a biyansu albashi, ba a sayensu, ba a sayar da su. Malamin makaranta ne, ma'aikacin banki ne, ɗalibi ne, yana buga wa gundumar da ya tashi a cikinta, kuma ranar Litinin zai koma bakin aiki ya haɗa ido da mutanen da suka kalle shi. Wanda zai kara da su maƙwabta ne, da yawa ma akwai auratayya a tsakani. Kunyar maƙwabci ba ta jiran lissafin gasar ƙasa.

A 2025 kuma akwai miki sabo. Ranar 18 ga Mayu, a wannan filin dai, Limerick ta lallasa Cork 3-26 da 1-16 (lambar farko ƙwallayen raga, ta biyu makin saman sanda), wato maki 35 da 19. Kafin wasan 7 ga Yuni, 2025, rabon Cork da kofin Munster tun 2018, rabonta da na ƙasa tun 2005. A wannan wasan na 2025 Limerick na neman kofin Munster na bakwai a jere. Filin bai kai ɗaukar mutum dubu hamsin ba, tikiti kuma galibi ta hannun ƙananan kulob na unguwanni da ƙauyuka ake raba shi, don haka wanda bai yi wa kulob ɗinsa hidima ba yana ji yana gani za a wuce shi.

Jiya da yamma maƙwabcin nawa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, tikiti ɗaya a hannunsa, wani da suka yi shekaru suna yanke ciyawar filin kulob tare ne ya samo masa. Jikansa zai kai shi a mota, da hantsi za su tashi saboda cunkoso. Na ce masa ya biyo kafin su wuce, zan ƙulla masa soyayyen naman Sallah ya ci a hanya.