Waiwaye: Yadda Bankwana da Samartaka Ya Zama Kasuwa a Biranen Ireland

Idan Juma'a ta yi, musamman a watannin da sanyi ya ja baya, filin jirgin saman Dublin, babban birnin Ireland, yakan cika da wasu baƙi da ba sa ɓoyuwa. Maza ne goma zuwa ashirin, riga iri ɗaya, kowa da 'yar jakarsa a baya, a tsakiyarsu kuma ga wani an yi masa shigar ban dariya don a tsokane shi. Shi ne angon da ake shirin yi wa aure, sauran abokansa ne. Sun zo yin abin da mutanen Ireland da Birtaniya ke kira "stag", wato kwana biyu na bankwana da samartaka kafin ranar biki. Ƙawayen amarya ma suna da nasu. Wanda ya ga yadda abin ya zauna daram zai ɗauka gadon kaka da kakanni ne, alhali a wannan siffa tasa, ta barin gari a kama masauki a yi ta ɓarin kuɗi, bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba.

A da, aure a karkarar Ireland lissafin gona ne. Bayan babbar yunwar da ta fara a 1845, iyalai suka daina rarraba gona tsakanin 'ya'ya, ɗa ɗaya ke gadon ta, shi ma sai ya jira uban ya sakar masa. Saboda haka maza da yawa ba sa aure sai sun manyanta, wasu kuma su mutu tuzurai. Mai dalilin aure ne ke shiga tsakani, a daidaita kan dukiyar da amarya za ta zo da ita, a ɗaura kafin azumin Kirista na kwana arba'in ya shigo, domin coci ba ta yin bikin aure a cikinsa. Garin Lisdoonvarna da ke gundumar Clare har yau yana taron haɗa aure duk watan Satumba, ragowar wancan zamani ke nan. Mutumin da ya shekara ashirin yana jiran gonar mahaifinsa ba shi da wata samartakar da zai yi wa bankwana da kiɗa. Ko da al'adar abokan ango ta shigo birane daga baya, ba ta wuce dare ɗaya ba: a haɗu a mashayar unguwa, a sha, a yi waƙa, kowa ya koma ya kwana a ɗakinsa.

Tikitin jirgi ne ya fara sauya lamarin. Har tsakiyar shekarun 1980, kamfanoni biyu ne ke riƙe da hanyar Dublin zuwa Landan, Aer Lingus da British Airways, kuma tikitinsu mafi sauƙi na zuwa da dawowa fam 209 ne. Ryanair, wanda ya fara tashi a 1985 da wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujeru 15 tsakanin Waterford da filin jirgin Gatwick na Landan, ya shiga hanyar Dublin zuwa Luton, wani filin jirgi kusa da Landan, a 1986 da fam 99. Da Michael O'Leary ya karɓi ragamar kamfanin a 1994, aka rungumi salon araha gaba ɗaya, sannan Tarayyar Turai ta kammala buɗe kasuwar jiragen sama a 1997. Daga nan matashin Manchester ko Liverpool ya gane cewa cikin kusan awa ɗaya zai sauka a wata ƙasa da ake jin harshensa, ba biza, ba dogon bincike, saboda tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga da ke tsakanin ƙasashen biyu tun shekarun 1920. Ga shi an yi tafiya ƙasar waje, ga shi ba a yi nisa da gida ba.

Inda suka riƙa sauka shi ne abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan tarihi. Temple Bar wata tsohuwar unguwa ce a Dublin mai ƙananan lunguna tsakanin titin Dame da kogin Liffey. Kamfanin sufuri na gwamnati, CIÉ, ya yi shekaru yana sayen gine-ginenta da niyyar rushe su ya gina babbar tashar bas. Kafin lokacin rushewar ya zo, sai ya riƙa ba da su haya da arha, masu zane-zane da makaɗa da masu ƙananan shaguna suka cika wurin. Su ne kuma suka tashi tsaye suka ce ba za a rushe ba. Gwamnatin Charles Haughey ta saurare su. A 1991, shekarar da Dublin ta riƙe kambun birnin al'adu na Turai, aka yi doka ta musamman, aka kafa kamfanin Temple Bar Properties, aka ba masu zuba jari rangwamen haraji domin a mai da unguwar cibiyar fasaha. An yi wasu abubuwan a zo a gani: cibiyar fina-finai ta buɗe a 1992, gidan al'adu na yara mai suna The Ark a 1995, ga dandali da gidajen nune-nunen hotuna.

Sai dai rangwamen haraji bai san bambancin gidan zane da gidan giya ba. Mai kuɗi ya duba inda riba take, ya ga a otal da mashaya take. Ƙananan mashayu suka faɗaɗa suka zama manya masu hawa-hawa da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane, haya ta tashi, da yawa daga masu fasahar da suka ceci unguwar suka kasa biya suka fice. Unguwar da aka gyara don masu kallon wasan kwaikwayo ta zama wurin da ayarin abokan ango ke sauka ranar Juma'a, ba su bar ta ba sai Lahadi.

Kafin shekarun 1990 su ƙare, ƙorafi ya yi yawa. Mazauna unguwar suna kukan ihu da tsakar dare, da amai da fitsari a ƙofar gida, da faɗace-faɗace. Masu harkar yawon buɗe ido kuma suka fara lissafin cewa waɗannan ayari suna korar baƙin da suka fi su kashe kuɗi, irin iyalai da dattawan Amurka masu zuwa neman tushen kakanninsu. Sai mashayu da otal-otal da dama na Temple Bar suka haɗa baki suka ce sun daina karɓar su. Labarin ya zagaya jaridun Birtaniya, amma ba doka ba ce, alkawari ne tsakanin 'yan kasuwa, kuma ɗan kasuwar da ya ga mutum ashirin a ƙofarsa da kuɗi a hannu ba ya daɗewa yana tuna alkawari. Ayarin ma suka koyi dabara: a cire rigunan, a shiga bibbiyu, a haɗu a ciki. Sannu a hankali maganar ta bi ruwa.

Abin da hani ya kasa yi, tsada ta yi wani ɓangarensa. Tattalin arzikin Ireland ya yi tashin gwauron zabi a wancan lokaci, aka koma amfani da yuro a 2002, Dublin ta shiga sahun birane masu tsada a Turai. A ranar 29 ga Maris 2004 Ireland ta zama ƙasa ta farko da ta hana shan taba a duk wuraren aiki, har da mashayu. Bayan wata ɗaya, ranar 1 ga Mayu, ƙasashe goma suka shiga Tarayyar Turai, kuma a Dublin ɗin aka yi bikin karɓar su, domin Ireland ce ke shugabancin Tarayyar a lokacin. Jiragen araha suka buɗe hanyoyi zuwa gabas, ayarin Ingila da yawa suka karkata zuwa Prague da Kraków da Riga da Budapest, inda kuɗin dare ɗaya a Dublin zai ishe su kwana biyu. Waɗannan birane sun gaji matsalar da duk kayanta. A 2024 hukumomin Prague suka hana kamfanoni zagayawa da baƙi daga mashaya zuwa mashaya cikin dare, Amsterdam kuwa tun 2023 ta fito da tallace-tallace tana gaya wa samarin Birtaniya masu irin wannan niyya su yi zamansu a gida.

To amma 'yan Ireland ɗin da kansu sun riga sun ɗauki al'adar, kuma suna da halin yi. A ƙarshen shekarun 1970 ango yakan yi aure yana da kimanin shekara 26, yanzu kuwa matsakaicin shekarunsa ya kai kimanin 37. Jinkirin aure ya dawo, amma wannan karon tuzurun yana da albashi, abokansa kuma sun warwatsu, wani yana Landan, wani Sydney, wani Toronto. Ba za a taro su daga can saboda dare ɗaya ba. Kuma ɗan Dublin ba ya son yin shagalinsa a inda maigidansa na ofis zai iya ganinsa, sai a nufi ƙananan garuruwa.

A nan ne labarin Carrick-on-Shannon ya shigo, kuma kusan maimaicin na Temple Bar ne. Garin shi ne hedikwatar Leitrim, gundumar da ta fi kowace ƙarancin jama'a a ƙasar, mutanensa ba su kai dubu biyar ba. A 1998 gwamnati ta fito da shirin rangwamen haraji don farfaɗo da yankin saman kogin Shannon, da fatan mutane za su koma karkara da zama. Aka yi ta gini fiye da buƙata. Da tattalin arziki ya durƙushe a 2008, har ƙasar ta karɓi tallafin ceto na yuro biliyan 85 a 2010, sai aka wayi gari da jerin gidaje babu kowa a ciki. Ga ɗakuna a banza, ga jirgin ƙasa daga Dublin cikin kamar awa biyu, ga kogi da jiragen ruwa na shaƙatawa, ga mashayu a jere da ake zagayawa da ƙafa. Cikin 'yan shekaru garin ya yi suna a matsayin matattarar abokan ango da ƙawayen amarya. A lokacin da ayyuka ke rufewa, wannan kasuwa ta riƙe masu tasi da masu abinci da masu gyaran gashi. Ta kuma raba kan mutanen gari, domin mai shagon da ke samun ciniki ba lallai ne shi ke kwana kusa da hayaniyar ba. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a irin waɗannan garuruwa sau da yawa wani ke cin ladan, wani ke askin.

Kilkenny mai tsohuwar fada, Galway da titin Quay, Westport, Killarney da Carlingford duk sun samu rabonsu, kowanne da irin wannan ja-in-ja.

Shirin kansa ya zama sana'a. Nauyin yana kan babban abokin ango, kamar dai yadda muka sani a bukukuwanmu, shi ne mai bin mutane su kawo kason kuɗinsu, shi ne kuma mai shan zagi idan abu ya lalace. Kamfanoni suka taso suna sayar da komai a dunƙule: kwana biyu a masauki, wasan rana irin tseren ƙananan motoci ko tuƙin kwale-kwale, abincin dare, da teburin da aka keɓe a mashaya. A Dublin ba a cika tsallake gidan tarihin Guinness da aka buɗe a 2000 ba, kamfanin nan da ya kafa masana'antarsa a Ikeja a farkon shekarun 1960. Masaukai da yawa suna neman a ajiye kuɗin jingina saboda ɓarna, wasu kuma da jin an ce maza ashirin ne sai su ce ɗakuna sun cika.

Doka ba ta taɓa ambatar wannan shagali da suna ba, amma ta kewaye shi. Dokar 2003 ta hana rage farashin giya na wasu sa'o'i a rana don jawo masu sha, ta kuma tsaurara hukuncin sayar wa wanda ya riga ya bugu. Mashayu suna daina sayarwa da ƙarfe 12:30 na dare ranakun Juma'a da Asabar, gidajen rawa masu izini na musamman su kai 2:30, shagunan sayarwa a tafi da ita kuma ƙarfe 10 suke tsayawa. Wannan yana nufin dubban mutane na fitowa titi kusan lokaci guda suna neman tasi da abinci, kuma a nan yawancin rigima ke tashi. Gwamnati ta fitar da daftari a 2022 da zai bar gidajen rawa su kai ƙarfe 6 na safe, amma shekara biyu bayan haka bai zama doka ba. Wanda ya fara aiki a Janairun 2022 shi ne mafi ƙarancin farashi, santi 10 kan kowane giram na barasa.

Annobar korona ta dakatar da komai. A tsakiyar Maris 2020, bidiyon wata mashaya a Temple Bar cike maƙil ana ta waƙa ya harzuƙa jama'a, washegari gwamnati ta nemi duk mashayun ƙasar su rufe, saura kwana biyu bikin Saint Patrick, babban bikin ƙasa na Ireland. Da aka buɗe, kasuwar ta dawo ta tarar da wata matsala da ta fi hayaniya girma, wato ƙarancin gidaje. Tun 2019 aka tsaurara ƙa'idar ba da hayar gida na 'yan kwanaki a yankunan da haya ta yi tsada, kamfanin Airbnb, wanda babban ofishinsa na Turai ke Dublin, ya hana yin fati a gidajen da ake kamawa ta hannunsa a 2020, ya tabbatar da hanin a 2022. Gidan da ayari ke kamawa na kwana biyu, a idon mai neman haya, gida ne da aka hana iyali. Shan barasa ma ya ragu a ƙasar, daga sama da lita 14 ga kowane baligi a 2001 zuwa kimanin lita 10 a 'yan shekarun nan, shi ya sa masu shirya tafiyar yanzu suke ƙara hawan dutse da wasan golf da iyo a teku cikin abin da suke tallatawa.