Obados, kamu da zafin yaye: me kalmomin nan ke nufi idan ana maganar tabar wiwi?

Akwai musun da ba ya ƙarewa a majalisar matasa. Wani zai ce wiwi ai ganye ce, daga ƙasa ta tsiro kamar rama da zogale, kuma a nuna masa kabarin mutum ɗaya da ta kashe. Wani kuma ya nuna mahaukacin da ke kwana a bakin tasha, ya ce to ga aikinta nan. A tashi kowa yana ganin shi ya yi galaba. Abin da ya sa musun ba ya kaiwa ko'ina shi ne tambayoyi uku ne aka cure wuri ɗaya: ko mutum na iya shan ta fiye da ƙima har ta illata shi nan take, ko tana kama mutum, da kuma ko jiki na shan wahala idan aka daina. Likitoci suna da kalma daban ga kowace, kuma amsoshin ba iri ɗaya ba ne.

Kalmar farko ita ce wadda ma'aikatan asibiti ke cewa obados, wato wuce ƙima. Da yawanmu da zarar mun ji ta sai mu ɗauka mutuwa ake nufi. Ma'anarta ta fi haka faɗi: mutum ya shigar wa jikinsa abin da ya fi ƙarfinsa a lokaci guda, har ya jikkata, ya mutu ko bai mutu ba. Dalilin da ya sa muke haɗa ta da mutuwa shi ne abin da muka gani a kan tiramadol da kodin. Waɗannan suna taɓa gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke kula da numfashi ko mutum na barci. Idan suka yi yawa sai numfashin ya riƙa ja baya har ya tsaya, a wayi gari a tarar da yaro ya sandare a ɗaki.

Wiwi ba ta bin wannan hanya. Sinadarin da ke sa maye a cikinta sunansa THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tantance tsarinsa a Isra'ila a 1964. Yana aiki ne ta hanyar maƙalewa a wasu 'yan ƙofofi na jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake kira CB1. Ƙofofin nan suna da yawa a sassan da ke kula da tunani, riƙe abu a ka, jin yunwa da daidaita motsi, amma kaɗan ne a wurin da ke tafiyar da numfashi. Shi ya sa da wuya ƙwarai a ga babban mutum mai lafiya ya zuƙi wiwi zalla numfashinsa ya tsaya. A nan kam mai neman a nuna masa kabari yana da gaskiya, kuma ɓoye wa matasa wannan ba ya amfanar kowa, domin ranar da suka gano an yi musu ƙari a magana ɗaya, sauran ma watsi za su yi da ita.

Sai dai rashin kabari ba ya nufin rashin obados. Wanda ta yi wa yawa zuciyarsa kan riƙa bugawa kamar za ta faso ƙirji, gumi ya keto, jiri da amai su biyo baya, tsoro ya rufe shi ya tabbata mutuwa zai yi ko kuma ana bin sa. Wasu kan fara gane-gane da jin muryoyi na tsawon sa'o'i. Ga mai ciwon zuciya wannan bugun kansa haɗari ne. Ga kowa kuma haɗarin yana cikin abin da zai aikata a wannan hali, a kan babur, a bakin titi ko a saman bene.

Abin ya fi muni idan ci aka yi ba zuƙa ba. Hayaƙi yana kaiwa ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintoci, mai sha ya ji ta kama shi ya ajiye. Wadda aka dafa a shayi ko aka cuɗa a kek kan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a biyu kafin a ji komai, kuma hanta tana juya THC ɗin zuwa wani sinadari mai ƙarfi da ke daɗewa a jiki. Sai mutum ya ga shiru, ya ce ba ta da kyau, ya ƙara. A jihar Kolorado ta Amurka, wadda ta buɗe shagunan sayar da wiwi ga manya a Janairun 2014, wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya ci biskit guda mai miligiram 65 na THC a watan Maris na shekarar, alhali 10 aka ƙayyade a ci a zama ɗaya. Ya fara da ɗan yanki, bai ji komai ba, ya cinye sauran. Bayan 'yan sa'o'i ya ruɗe, ya faɗo daga benen otal a birnin Denba ya mutu. Ƙananan yara kuwa nasu lissafin daban ne, domin su tana iya jefa su cikin dogon suma har numfashi ya yi rauni. A Amurka rahotannin yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci alewa ko biskit mai wiwi sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Ba labarin nesa ba ne kaɗai, hukumar NDLEA ta sha sanar da kama masu sayar da irin wannan kek da biskit a Najeriya.

Duk wannan kuma maganar ganyen asali ake yi. Abin da ake sayarwa da sunan Colorado ko Colos a titunan Najeriya sau da yawa busasshen ganye ne da aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji. Suna kama ƙofofin CB1 da ƙarfin da ya ninka na THC, suna kawo farfaɗiya da lalacewar ƙoda, kuma suna kisa. Abin mayen da ake kira Kush, wanda ya sa Shugaba Julius Maada Bio na Saliyo ya ayyana dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024 daga wannan dangi yake, har an samu dangin kodin masu tsananin ƙarfi a cikinsa. Wanda ya sayi ƙulli a lungu ba shi da hanyar sanin me aka naɗe masa.

Kalma ta biyu ita ce kamu, ko jaraba. A Hausa jaraba ta yi yawo da yawa, har mai son kallon ƙwallo ana ce masa jarababbe. A wurin likita kuwa ba yawan sha ake aunawa ba, ana duba wa ke riƙe da linzami ne, mutumin ko tabar. Kundin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya jera alamomi 11. Cikinsu akwai mutum ya sha fiye da yadda ya yi niyya, ya yi ta ƙoƙarin ragewa ya kasa, ƙishirwarta ta riƙa damun sa, aiki ko karatu su fara zubewa, ya ci gaba duk da rigimar da take haddasa masa a gida, sannan naɗi ɗaya da ke isar sa a da yanzu sai uku. Alamomi biyu cikin shekara guda sun isa a ce akwai matsala, shida zuwa sama kuwa ta yi tsanani.

Ba kowa take kamawa ba. Ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi ya ce kusan mutum 9 cikin 100 na waɗanda suka taɓa sha ne ke kamuwa, adadin ya kai kusan ɗaya cikin shida ga wanda ya fara tun yana ɗan shekara goma sha, ya kuma haura sosai ga masu sha kullum. Wannan ya fi na sigari sauƙi nesa ba kusa ba. Amma a ɗora shi a kan binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi a 2018, wanda ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6, sai a ga ƙaramin kaso ma jama'ar babban birni ne.

Shi kuma mai nuna mahaukacin tasha, rabin gaskiya ya riƙe. Yawancin masu sha ba sa haukacewa. Sai dai wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil, ya nuna masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen yiwuwar samun taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. Ita tabar ma ta canza: wadda ake kamawa a Amurka tana da THC kusan kashi 4 cikin 100 a 1995, zuwa 2014 ta kai kusan 12. Dattijon da ke cewa shi ma ya sha a zamaninsa bai ga komai ba, wataƙila ba abu ɗaya suke magana a kai da ɗansa ba.

Kalma ta uku ita ce wadda aka fi jahilta, kuma a ganina ita ce ta fi mayar da mutane ruwa. Ba mu da tsayayyen suna gare ta a Hausa, ni ina kiran ta zafin yaye, domin hoton ya yi daidai: an raba jiki da abin da ya saba samu, sai ya yi bore kamar yaron da aka cire daga nono. Kowane mai azumi ya san ɗanɗanonta. Ciwon kan da ke kama ma'abocin shayi ko goro a ranakun farko na Ramadan, da saurin fushin mai shan sigari kafin la'asar, ba yunwa ba ce kaɗai, jiki ne ke neman abin da aka saba masa.

Ga yadda abin yake faruwa da wiwi. Jikin ɗan Adam yana ƙera nasa sinadaran masu kama da THC, ɗaya daga cikinsu anandamide da aka gano a 1992, kuma da su yake daidaita barci, cin abinci da kwanciyar hankali. Idan aka riƙa kwararo THC daga waje kullum, sai ƙwaƙwalwa ta rage yawan ƙofofin CB1 don ta kare kanta. Wannan ragewar ita ce ke sa naɗi ɗaya ya daina isa. Ranar da aka daina sha kuwa, sai a bar mutum da ƙofofi kaɗan da ɗan sinadarin jikinsa da bai kai ya cike gurbin ba.

Alamomin kan fara ne kwana ɗaya zuwa uku bayan sha na ƙarshe, su yi tsanani a makon farko, yawancinsu su lafa cikin mako biyu. Mutum ya zama mai saurin hasala, abu kaɗan ya hau faɗa da matarsa ko ƙannensa. Ya kasa zama wuri ɗaya. Abinci ya fita ransa, ya rame. Ransa ya yi baƙi ba dalili. Wasu su samu ciwon ciki, gumin dare, karkarwa ko ciwon kai. Wanda ya fi daɗewa shi ne na barci: ido ya bushe, idan kuma an samu an runtsa sai mafarkai masu firgitarwa, domin wiwi tana danne matakin barcin da ake mafarki a cikinsa, da an cire ta sai ya dawo da ƙarfi. Wannan na iya kai wata guda ko fiye. Wani nazari na 2020 da ya tattara bincike masu yawa ya samu kusan kashi 47 cikin 100 na masu sha a kai a kai suna fuskantar zafin yayen nan.

An daɗe ana musun samuwarsa har a tsakanin likitoci, sai a DSM-5 aka ba shi gurbi na kansa. Dalili ɗaya shi ne THC yana maƙalewa a kitsen jiki yana fita a hankali, har fitsarin mai yawan sha kan nuna shi bayan makonni, don haka wahalar ba ta faɗowa lokaci guda kamar ta mai shan hodar iblis ko kodin. Tana shigowa ne a sace.

A nan ne tarkon yake. Saurayi ya yi niyya ya daina, ya kwana uku bai yi barci ba, bai ci abinci ba, ya yi faɗa da kowa a gida. Ranar ta huɗu ya zuƙa, nan take ya ci tuwo ya yi barci. Sai ya yanke hukunci cewa ashe wiwi maganinsa ce, in ba ita ba ba ya iya barci. Bai san cewa rashin barcin da ta warkar ita ce ta haifar da shi ba. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, amma wannan turken ba wauta ce ta kafa shi ba, canji ne na zahiri a ƙwaƙwalwa, kuma hoton ƙwaƙwalwar masu dainawa ya nuna ƙofofin suna komawa kusan yadda suke cikin mako huɗu. Su ma 'yan gida sukan karanta abin a baibai, su ce tun da ya daina ya ƙara lalacewa, ko su ce jinnu ne suka taɓa shi. Irin wannan ruɗani yana faruwa ga wasu da suka daɗe suna shan wiwi, waɗanda ke fama da amai mai zuwa yana komawa, wanda ba ya lafawa sai sun yi wanka da ruwan zafi. Likitoci a Ostareliya ne suka bayyana shi a 2004. Masu shi kan ƙara shan wiwi don ta tsayar da aman, alhali dainawa ce kaɗai ke tsayar da shi.

Zafin yayen wiwi shi kaɗai ba ya kisa, kuma har yau babu wata ƙwaya da aka amince da ita a matsayin maganinsa. Abin da ke aiki shi ne zama da masanin halayya, motsa jiki, nisantar majalisar da ake sha, da sanin cewa ranar uku zuwa ta bakwai ce ƙololuwa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri suna karɓar masu wannan matsala. Wanda baƙin ransa ya kai shi ga tunanin halaka kansa, ko ya fara jin muryoyi, asibiti za a kai shi a ranar, ba a jira mako biyu ya cika. Haka nan wanda yake haɗa wiwi da giya ko ƙwayoyin barci irin su diazepam, kada ya yanke su gaba ɗaya shi kaɗai a ɗaki, domin yayen waɗannan biyun yana kawo farfaɗiya kuma yana iya kisa. Likita ne zai rage masa su a hankali, kuma sai an gaya masa duk abin da ake sha kafin ya san ta inda zai fara.